Rasuwar Rumbu, Faifan Ajiyar Gidan Malam Salisu na Kwarbai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da kuma tambayar da har yau ba ta sami mai amsawa ba, iyalan Malam Salisu Adamu na unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Rumbu, babban faifan ajiyar kwamfutar gidan. Ya rasu ranar Talata, kwana goma sha tara da suka wuce, da ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai na rana, a ɗakin karatun Malam Salisu, a daidai lokacin da ake shirin ɗora manhajar Linux a kan wani faifan daban. Shekararsa tara yana aiki. Ya tafi da hotunan warƙoƙi dubu sittin da uku na tsofaffin littattafan rubutun hannu, mallakar gidaje ashirin da bakwai na cikin ganuwa. An jinkirta wannan sanarwa ne domin jiran sakamakon bincike. Sakamakon ya zo, bai gamsar da kowa ba.

Marigayin ya shigo gidan a shekarar da Malam Salisu ya yi ritaya, bayan shekara talatin da ɗaya yana ajiyar fayil a wata ma'aikatar jiha. Girmansa terabait huɗu, wanda a wancan lokaci masu gyaran kwamfuta suka ce ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Hajiya Radiya, matar Malam Salisu, ita ta raɗa masa suna Rumbu, domin ta lura kullum zuba masa ake yi, ba ta taɓa ganin an ɗiba ba.

Aikinsa da na maigidansa ɗaya ne. Malam Salisu kan taka zuwa gidan malamai, ya zauna a zaure, ya roƙi aron littafi na kwana uku. Wasu gidajen sai da ya shekara biyu yana zuwa gaisuwa kafin su kwance masa gafaka, jakar fatar da ake ajiye littafin. In ya samu, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida da hantsi, ya ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya, ba tare da ya sauya mata wuri ba. Rana ta uku ya mayar da littafin, da goro a hannu. Hotunan kuma ya zuba wa Rumbu, kowane gida da wurinsa, kowane littafi da sunansa.

Waɗanda suka zauna da marigayin sun shaide shi da riƙon amana. Bai taɓa ɓatar da warƙa ɗaya ba, bai kuma taɓa nuna wa wani gida abin da ke cikin littafin wani ba. Ya jure ɗaukewar wuta da ba ta ƙirguwa, ya jure zafin bazara tara, da daminar da ɗakin ya yi yoyo. Ba shi da yawan magana. In an kunna shi da safe yakan ce "kirrr", ya ɗan yi shiru kamar mai gyaran murya, sannan ya ce "tik, tik-tik", alamar ya shirya. In aiki ya yi masa yawa sai a ji "hmmm" ƙasa-ƙasa, ba ya wuce haka. Hajiya Radiya ta ce maigidan ya fi gane waɗannan sautuka a kan sautin tarin 'ya'yansa.

Kwamfutar gidan tana da durowa biyu a gabanta, ɗaya a kan ɗaya, kowace tana ɗaukar faifai guda. Daga waje ba a bambance su. Tun ranar da ya zo, Rumbu a durowar sama yake kwana, ta ƙasa babu kowa. Ba wani dalilin injiniya ne ya sa haka ba. A cikinsa akwai Alƙur'ani goma sha ɗaya na rubutun hannu, kuma a wannan gida ba a ɗora kome a kan Alƙur'ani. Malam Salisu har ya manna masa 'yar takarda a baya, ya rubuta da ajami cewa kada a sa shi ƙarƙashin wani abu.

Daga cikin littattafan da ya tafi da su, duk suna nan a gafakokin masu su, in ban da guda ɗaya. Hajiya Sailuba, dattijuwa mai shekara tamanin da ɗaya da ke lungun bayan gidan, ta ba da aron kundin mahaifinta: warƙa ɗari da tamanin da shida, da ya kwafa da hannunsa, ya cika gefunansu da ranakun haihuwar 'ya'yansa da magungunan da ya gwada. Shekara uku da suka wuce rufin ɗakin da ake ajiye shi ya rufta cikin ruwan Agusta. Da aka tono gafakar, laka aka tarar a ciki. Tun daga ranar, kundin ba ya ko'ina a duniya sai cikin Rumbu. Malam Salisu ya yi mata alkawari zai buga mata shi a takarda. Sau huɗu yana ɗaga ranar, saboda bai yarda da ingancin takardar da ake samu ba. Rana ta ƙarshe da ya sa mata ita ce Juma'ar makon da abin ya faru.

Marigayin bai yi jinya ba. Tsohuwar manhajar da kwamfutar ke aiki da ita ce ta tsufa, masu ita suka daina kula da ita. Fa'iza, 'yar ƙanwar Malam Salisu, wadda ke koyar da ilimin kwamfuta a wata kwaleji, ta daɗe tana gaya wa kawunta abu biyu: ya sauya manhaja, ya kuma yi wa Rumbu kwafi. Ajiya a intanet ya ƙi ta tun farko. Ya ce ba zai ɗauki amanar gidaje ashirin da bakwai ya danƙa wa mutumin da bai san zaurensa ba. Linux ma da farko bai yarda da ita ba, don an ce masa kyauta ce, shi kuwa a shekarunsa na ofis bai taɓa ganin kyautar da ba a dawo neman wani abu a bayanta ba. Fa'iza ta ce masa ya ɗauke ta kamar littafin waƙafi: kowa na iya buɗewa ya karanta yadda aka rubuta ta, ya kwafa, ya gyara kuskure, ya ba wani. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya amince.

Sai aka sayo sabon faifai. Malam Salisu ya dage a kan sai irin Rumbu sak, suna ɗaya, girma ɗaya, domin shi kaɗai ya gwada ya yarda da shi. Mutanen gidan suka sa masa suna Baƙo. Shirin mai sauƙi ne: a ɗora Linux a kan Baƙo, sannan a kwafe masa duk abin da ke cikin Rumbu. Wato an kawo shi ne domin ya tsare marigayin.

Ga yadda ranar ta kasance, gwargwadon abin da kowa ya yarda da shi. Da ƙarfe ɗaya Fa'iza ta nemi a zare Rumbu gaba ɗaya har a gama. Malam Salisu ya ƙi. Ƙasa ba wurin ajiye shi ba ne, tebur cike yake da kofunan shayi, kuma shekara tara bai taɓa kwana a waje ba. Suka daidaita a kan cewa Baƙo zai hau durowar sama, don kwamfutar ta gan shi a matsayin faifai na farko, Rumbu kuma ya sauka ƙasa na awa ɗaya. Malam Salisu ya amince, amma ba da daɗin rai ba. Da ƙarfe ɗaya da minti talatin da biyar aka ɗauke wuta. Kowa ya tafi salla da cin abinci, aka bar ɗakin a buɗe. Da biyu da minti goma wuta ta dawo. Fa'iza ta kunna, ta sa filashin da manhajar ke ciki, allo ya nuna mata faifai biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya. Ta zaɓi na farko.

Iyalan ba su tuhumi manhajar ba. Sau biyu tana tambaya ko an tabbata a share duk abin da ke kan faifan, sau biyu ana ce mata eh. Malam Salisu yana tsaye a bayan kujera. Ya ce ya ji "tik, tik-tik", sannan wani dogon "hmmm" da ya san mai shi, ya kuma yi mamakin yadda sabon faifai ya iya kwaikwayon muryar na gaba da shi tun ranar farko.

Bayan minti arba'in komai ya kammala, allo ya fito tsaf. Fa'iza ta buɗe faifai na biyu don ta fara kwafa, ta tarar babu kome a ciki. Ta rufe ta sake buɗewa har sau uku. Sannan ta kashe kwamfutar, ta jawo durowar sama, ta juya faifan, ta ga tsohuwar takardar ajamin Rumbu.

"Kawu, wa ya taɓa durowar nan?"

Har yau wannan ce tambayar. A cikin minti talatin da biyar ɗin da ba wuta, wani ya mayar da Rumbu sama, ya saukar da Baƙo ƙasa.

Malam Salisu ya fara bincike da wanda ya fi kusa. Ya tuna wa Fa'iza cewa shekara shida tana cewa wata rana Rumbu zai tafi, kuma ga shi a hannunta ya tafi. Ya tambaye ta me ya hana ta jawo durowar ta duba kafin ta danna. Ta amsa cewa wannan kuskurenta ne, za ta kuma ɗauke shi har ƙarshen rayuwarta, amma a ƙasa ta bar shi. "Ban san a gidan nan faifai na hawa bene da kansa ba," in ji ta.

Hajiya Radiya ta shiga ɗakin domin kwashe kofuna a lokacin da ba wuta. Ta ce shekara tara an hana ta ko goge ƙurar injin, ba yau za ta fara ba. Ta ƙara da cewa da ta fito ta ga takalman Yaya a bakin ƙofa.

Yaya shi ne Malam Auwal, wan Malam Salisu, mai shekara saba'in da huɗu, wanda ke koyar da littattafai a zauren gidan. Duk Kwarbai an san halinsa. In ya shiga ɗakin mutum ya ga littafin fiƙihu a kan tafsiri, sai ya gyara kafin ya amsa gaisuwa. Ya taɓa ɗauke wayar baƙo daga kan tabarma ya ɗora a kan taga, saboda ya ji akwai Alƙur'ani a cikinta. Da aka tambaye shi, bai musa shiga ba. Ya ce tabaransa ya je ɗauka, ya ɗauka, ya fita. Ya ce bai san an saukar da Rumbu ba, kuma da ya sani da baki zai yi magana, ba da hannu ba. Hajiya Radiya ta ce wannan da wuya, domin a wurin alwala maigidan ya yi ta mita a kan batun da ƙarfi, har maƙwabta sun ji an sa babu-kome a kan littafin Allah.

Kwana guda Malam Salisu ya yi yana ganin binciken ya ƙare. Ranar Laraba Fa'iza ta kawo batun mutum na uku. Ta ce tana cin abinci ta hango kawun nata ya kai zaure ya dawo, ya shiga ɗakin, ya yi kamar minti huɗu. Malam Salisu ya ce hularsa ya manta. Ya ce ya tsaya gaban kwamfutar, ya dubi durowar ƙasa, ransa ya sosu, ya ɗauki hula ya fita. Haka ya faɗa ranar Laraba, haka yake faɗa har yau. Sai dai ya shaida wa matarsa cewa yakan koma cikin minti huɗun nan a ransa, kuma duk komawar da ya yi sai ya tarar hannunsa ya ƙara matsawa kusa da durowar.

Shaida ɗaya aka samu. A marikin durowar sama akwai tabon babban yatsa na baƙar tawada, wanda Fa'iza ta rantse babu shi da ƙarfe ɗaya. Malam Auwal na rubutun allo kowace safiya. Malam Salisu kuma a safiyar nan ya ari kurtun tawadar yayan nasa, ya rubuta wa Baƙo tasa takardar.

An kai gawar zuwa unguwar Gyallesu, wurin Malam Suhail, mai sana'ar ceto abin da aka share. Ya ce a ganinsa faifan lafiyarsa ƙalau, yana juyawa, zai iya ƙara shekara biyar. Malam Salisu ya ce abin da ke juyawa a ciki ba Rumbu ba ne. Kwana takwas Malam Suhail yana aiki. Ya bayyana cewa sabuwar manhajar ta zauna a kan wani sashe, abin da ke wurin ya tafi har abada, kuma jerin sunayen duka ya goge. Ya tsamo hotuna dubu hamsin da ɗaya da ɗari huɗu, ya zuba su cikin Baƙo. Ba su da suna, ba su da gida, warƙar wannan littafi na kwance kusa da ta wancan. Ya so ya jera su da ranar da aka ɗauke su, sai ya tarar duka rana ɗaya suke nunawa, ɗaya ga Janairu. Malam Salisu kan zare batirin kyamarar kowace yamma, don bai yarda da barinsa a ciki ba, agogonta kuma kullum ya koma farko. Ko kundin Hajiya Sailuba na cikin waɗanda suka tsira, Malam Suhail ya ce ba shi da hanyar sani.

Tun ranar Alhamis ta makon farko Malam Salisu ya je ya gaya wa Hajiya Sailuba da bakinsa. Ya zauna a bakin ƙofarta ya yi bayanin durowa da manhaja da ɗaukewar wuta, ya ambaci sunayen waɗanda suka shiga ɗakin, har da nasa a ƙarshe. Ta saurara har ya gama.

"Malam Salisu, ni ban san injinka ba," ta ce. "Kai na ba."

Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta sa aka kawo masa kunu, ya sha rabi.

Hanya ɗaya ta rage. Tsofaffin littattafan nan ba a ɗinke su, ba a kuma sa musu lamba. A ƙasan kowace warƙa marubucin kan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, da haka ake gane wadda ke bin wata. In an sami mai gane hannun marubuta, ya ce wannan na gidan wane ne, za a iya bin kalmomin a haɗa littafi. A duk unguwar mutum ɗaya ne ke duban layi biyu ya faɗi wanda ya rubuta da gidan da ya fito, shi ne Malam Auwal. Malam Salisu ya kwana uku bai roƙe shi ba. A rana ta huɗu ya same shi a zaure ya ce, "Yaya, sai ka zo ka duba." Malam Auwal ya ce dama jira yake a gama tuhumarsa. Malam Salisu ya ce ba a gama ba, amma ya zo ɗin.

Marigayin ya bar maigidansa Malam Salisu, da Hajiya Radiya, da Fa'iza wadda ba ta fasa zuwa gidan kullum ba. Ya bar kyamara ɗaya, da farin ƙyalle, da na'urar buga takarda da ba ta kai ga yin aikin da aka sayo ta dominsa ba. Ya bar Baƙo, wanda yanzu shi ke ɗauke da warƙoƙin da suka tsira, ya kuma koma durowar sama ba tare da kowa ya yi gardama ba. Linux na nan tana aiki daga wani ƙaramin faifai da Fa'iza ta kawo ta ɗaura a gefe. Malam Salisu ya yarda tana da sauri. Har yanzu yakan karanta kowace tambaya da ta yi masa sau uku kafin ya kira Fa'iza ta amsa.

Ba za a yi wa marigayin salla ba, domin ba mutum ba ne, kuma Malam Auwal ya nemi a rubuta wannan a fili. Ba za a binne shi ba, ba za a sayar ba, ba za a sake amfani da shi ba. Tunda Malam Suhail bai iya rantsuwa cewa babu sauran harafi a cikinsa ba, za a naɗe shi a farin ƙyallen, a sa shi cikin gafaka, a ɗora a saman kantar littattafai inda babu abin da zai hau kansa. Za a yi haka ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar.

Zaman makoki zai biyo baya a zauren gidan, kullum daga la'asar zuwa magariba. Za a riƙa nuna warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya a allon kwamfuta. Ana roƙon kowane gida daga cikin ashirin da bakwai ɗin ya turo wanda ya san littafinsu, in da hali ya zo da gafakar. In ana duba warƙa ɗari uku a rana, zaman zai kai wata shida. Masu zuwa ta'aziyya su yi haƙuri da ba da shawarar yin kwafi, an riga an samu isasshiya. Kada kowa ya taɓa durowa.

An yi zaman gwaji na kwana biyu. Malam Auwal na dama, Malam Salisu na hagu yana rubuta abin da yayansa ya faɗa, yana kuma duban hannuwan Malam Auwal ɗin. Hajiya Sailuba ta zo da sandarta, aka sa mata kujera daf da allon. Idonta ya yi rauni, amma ta ce mahaifinta kan rufe magana da jan da'ira mai ɗigo uku, kuma wannan ko daga ƙofa za ta gane shi. Cikin warƙa ɗari shida da aka duba an sami tara nasa, bakwai a warwatse, biyu suna bin juna. Ba a kai ga wadda ya rubuta ranar haihuwarta ba. Ta ce za ta riƙa zuwa kullum, gwargwadon kwanan da Allah ya ara mata, kuma a daina ɗaga mata rana.

Ita ce kuma ta ce, tunda ga yatsa ga tawada, mutum biyu ne kawai, kowa ya dangwala a gwada. Fa'iza ta rufe tabon da salatif, ta ajiye kurtu da farar takarda a gefen kwamfutar. 'Yan'uwan biyu sun ce shawara ce mai kyau. Malam Salisu ya ce babba ne ya kamata ya fara. Malam Auwal ya ce mai ɗaki ne. Har zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa, saura warƙa ɗari da saba'in da bakwai a kundin Hajiya Sailuba, takardar kuma tana nan fara.